Wace kyautar Kirsimeti zan ba maƙwabciyar da ba ta yarda a cutar da dabba ba?

Maman Ishaya, Manchesta

Ina gaishe ku duka, manya da ƙanana. Ni 'yar Wusasa ce ta Zariya, shekarata ta huɗu ke nan ina aikin jinya a Ingila, kuma a farkon watan Nuwamba zan je gida hutun mako uku, in dawo kafin hidimar Kirsimeti ta kankama. Abin da ya sa na kawo wannan tambaya gabanku shi ne kuskuren da na yi bara, wanda ba na fatan in maimaita bana.

Ina da wata maƙwabciya, dattijuwa Baturiya da ta haura shekara 70, ita ce ke riƙe mini ɗana duk lokacin da aikin dare ya kama ni, kuma ba ta taɓa yarda ta karɓi ko sisin kwabo ba. Bara na ce bari in yi mata abin a zo a gani, sai na sa aka sayo mini jakar hannu ta fatar mesa daga Kano, wadda ni a idona babu tsarabar da ta fi ta daraja. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, amma ban taɓa ganin ta rataya ta ba. Sai bayan wata biyu, muna shan shayi a ɗakinta, ta gaya mini cikin ladabi cewa ta fi shekara 30 rabonta da nama, cewa kyanwoyi ukun da ke gidanta duk daga gidan ceton dabbobi ta ɗauko su, kuma jakar tana nan cikin kabad domin ba za ta iya zubar da kyautata ba, ba za ta kuma iya fita da ita ba. Kunyar da ta kama ni ranar ba ta sake ni ba har yau.

Tambayata kashi uku ce. Na farko, a cikin kayanmu na gida wane ne zan iya kawo mata, da kuma wata abokiyar aikina mai irin ra'ayinta, ba tare da na sake taka sawun ɓarawo ba? Na biyu, ina yawan ganin tallar ƙungiyoyin da ke cewa ka biya kuɗi a rubuta sunan wanda kake so a matsayin mai ɗaukar nauyin jaki ko akuya, a aiko masa da kati da hoto. Shin kuɗin yana isa ga dabbar, ko kuwa takarda kawai mutum ke saya? Na uku, Ishaya ɗan shekara bakwai ne, ya matsa mini lamba a kan zomo, kuma na fara tunanin in sayo masa ɗaya ya zama kyautarsa ta bana. Abin da na ware duka bai wuce fam 120 ba.

Ɗan Dukawa, Kano

Yaya, sannu da ƙoƙari. Gidanmu gidan dukanci ne, a cikin warin jima na tashi, saboda haka bari in ɗauki kashin farko na tambayarki, in bar sauran ga masu shi.

Fatun da muke aiki da su iri biyu ne, kuma wanda bai san sana'ar ba yakan haɗa su a kwando ɗaya. Akwai fatar akuya da tunkiya da saniya, waɗanda don nama ake yanka su, fatar kuwa ragowa ce da mahauci ke sayar wa majemi. Akwai kuma fatar mesa da kada da guza da damo, waɗanda babu mai kiwonsu a wajenmu, farautarsu ake yi a daji da bakin kogi, kuma kuɗin fatar yana cikin abin da ke tura mafarauci nemansu. Duk waɗannan suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 domin taƙaita cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma jami'an kwastan na Ingila suna da ikon ƙwace irin jakar nan a filin jirgi idan babu takardar izini. Ke dai ki gode wa Allah da ta wuce bara ba a tsare ki ba. Haka nan ki kauce wa duk abin da mai shago zai ce miki na hauren giwa ne, ko da ƙarya yake yi ƙashin saniya ne ya goge, domin Birtaniya ta yi dokar hana cinikin haure a 2018, ta fara aiki a 2022.

Game da fatar akuya kuwa, ina da abin cewa, ko da za a ce ina kare tukunyar gidanmu ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka laƙaba mata sunan Maroko, kuma majemin gargajiya da bagaruwa yake jeme ta, ba da sinadarin kamfani ba. Alabe ko tumtum da aka yi da ita yakan yi shekara ashirin ana mora. Abin da ake sayarwa a shagunan Turai da sunan fatar da ba ta dabba ba, mafi yawansa roba ce, yana ɓarewa cikin 'yan shekaru a jefar a bola. Wani abin da mutane ba su sani ba kuma shi ne majemi yana karanta rayuwar dabba a jikin fatarta: tabon bulala, da cizon kaska, da ƙazuwa, da lalas ɗin wuta duk suna fitowa bayan jima, kuma kowanne yana rage wa fatar daraja. Wato a sana'armu dabbar da aka kula da ita ita ce mai tsada.

Duk da haka, wannan dattijuwa kada ki kai mata ko ta akuyar. Wadda ta bar nama shekara 30 ba ta tambayar ko ragowa ce ko ba ragowa ba, kuma kyauta ba wurin jayayya ba ce. Ki shiga karofin Ƙofar Mata ki zaɓo mata zane na auduga da aka rina da baba, ko ki nemi faifai da kwando na kaba, ko ƙwarya mai zane. Sai dai ki juya kowane abu ki duba bakinsa da marataya, domin masu saƙa da yawa da tsinken fata suke ɗaure bakin kwando da faifai don ya yi ƙarko, mai saye kuma ba ya lura sai ya isa gida. Mafici ma ki tabbata na kaba ne, ba na gashin jimina ba. Idan za ki sayi hula ko riga mai aiki, ki tambayi zaren, domin zaren tsamiya da siliki daga gidan tsutsa ake samo su, kuma a wajen siliki da tsutsar a ciki ake dafa gidan. Kalangu da kotso na ado da ake sayar wa baƙi a Kurmi, ba sai na gaya miki abin da aka rufe bakinsu da shi ba.

Likitar Dabbobi, Landan

'Yar'uwa, zan fara da maganar zomo domin ita ce ta fi damuna. Ina roƙonki kada ki saya, aƙalla ba a watan Disamba ba. Tun 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust take jan kunnen mutanen ƙasar nan cewa kare abin riƙo ne na tsawon ransa, ba na ranar Kirsimeti kaɗai ba, kuma maganar ta fi dacewa da zomo, domin shi ne dabbar da iyaye suka fi rainawa. Zomon gida yakan rayu shekara takwas zuwa goma sha biyu, wato Ishaya zai gama sakandare zomon yana nan. Ba ya jure kaɗaici, sai an haɗa shi da ɗan'uwansa, an kuma fiɗiye su don kada su yi faɗa ko su cika gida. Yana buƙatar busasshiyar ciyawa kullum domin haƙoransa ba sa daina tsiro, da allurar rigakafi duk shekara, da filin da zai yi tsalle, ba ɗan kejin da ake nunawa a shago ba. Ga shi kuma ba ya son a ɗauke shi a rungume, abin da yaro ɗan shekara bakwai ya fi so ke nan. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta hana a sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba dabba, nauyin kula da ita kuwa a wuyan babba ta ɗora shi, wato a wuyanki, ke da kike aikin dare. Fam 120 ba zai kai ku ƙarshen watan Fabrairu ba.

Ga abin da zan ba ki a madadinsa. Ki saya masa mazubin abincin tsuntsaye da ƙaramin littafin gane tsuntsaye, ku rataya a bayan gida, ya riƙa rubuta waɗanda suka sauka. A garinku ma abin ya samo asali, domin a unguwar Didsbury ta Manchesta ne Emily Williamson ta kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, wadda daga baya ta zama RSPB, don yaƙi da kashe tsuntsaye da ake yi a ƙawata hulunan mata da gashinsu. Sharuɗɗa biyu ne kawai. Dole a riƙa wanke mazubin duk mako, domin ƙazantarsa tana yaɗa wata cutar maƙogwaro da ta kashe ƙananan tsuntsaye masu yawa a ƙasar nan. Kuma tun da maƙwabciyarki tana da kyanwoyi uku, a rataye shi sama, nesa da shinge da duhuwar da mage za ta laɓe. Idan yaron ya yi shekara guda yana cika mazubin ba tare da an tuna masa ba, sai ku je gidan ceto ku yi maganar zomo, ba shagon sayarwa ba.

Sai abin da bai kamata ya shiga gidan mai kyanwa ba, ko da an kai shi da kyakkyawar niyya. Furen lili shi ne na farko: kyanwa ta lashi garin furen daga jikinta kawai ya isa ya lalata mata ƙoda, kuma yana yawan zuwa a cikin damin furannin da ake sayarwa lokacin biki. Cakulan da busasshen inabi, waɗanda suka cika kek ɗin Kirsimeti, guba ne ga kare, ba kuma alheri ba ne ga mage. Zaren ƙyalƙyali da ake naɗe kyauta da shi mun sha ciro shi daga hanjin kyanwa a ɗakin tiyata. Turaren wutanmu ma, duk da daɗinsa, ba zan kai shi gidan da ake rufe tagogi saboda sanyi ba, domin kyanwoyi suna yin asma kamar mutane.

A kan man shafawa da turare, akwai alamomi biyu da ake rikitawa. Hoton zomo mai tsalle, wanda ƙungiyar Cruelty Free International ke bayarwa, yana nufin ba a gwada kayan a jikin dabba ba. Birtaniya ta daina ba da izinin irin wannan gwaji na kayan kwalliya a 1998, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da kayan da aka yi wa irin gwajin gaba ɗaya a 2013. Amma wannan alama ba ta ce babu abin dabba a cikin kayan ba. Jan-baki yana iya ƙunsar jan launi da ake samu daga wani ƙwaro da aka niƙa, man leɓe yana iya ƙunsar kakin zuma ko maiƙon gashin tunkiya, kuma mai neman kauce wa waɗannan alamar furen rana ta Vegan Society, ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, yake dubawa. A turarukanmu na gida kuwa, jibda daga jikin tunkun juda ake kankaro ta, a Habasha har yanzu ana tsare shi a ƙunƙuntaccen keji don haka. Miski na asali galibi sai an kashe barewarsa, ko da yake kusan duk wanda ke kasuwa yanzu haɗin sinadari ne. Farcen da ake sa wa humra kuma murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku. Da ni ce ke, man kaɗe tsantsa zan kawo, in zuba a kwalabe masu kyau, domin daga itace yake, mata ne ke tsintar 'ya'yan su sarrafa, kuma Turawa sun san shi suna sayensa da tsada. Sabulun salo ma ya yi, idan kin tambayi mai haɗawa ta tabbatar miki babu kitse a ciki. Zuma an yarda mutum ya shigo da ita har kilo 2, amma ki fara sanin ko dattijuwar tana sha, domin wasu masu irin ra'ayinta ba sa sha, balle idan ta ji cewa da wuta ake ƙone amya a wurare da yawa. Kilishi da dambun nama kuwa haramun ne shigo da su daga Najeriya, ko don kanki ne.

Tsohon Malamin Kiwo, Maraɗi

Ɗiyata, na yi shekaru ina yawon rigakafin dabbobi a karkara kafin in ajiye aiki, kuma da na ga kin ambaci jaki sai na kasa wucewa. Kina ganin tallar nan kamar abin Turawa ne, alhali kuwa maganar jaki tamu ce kafin ta zama tasu.

A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai kama da ƙaro, sunansa ejiao, ana sayar da shi a matsayin maganin ƙarin jini da gyaran jiki. Da jakunansu suka ragu sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A idona na ga kuɗin jaki ya ninka a kasuwanninmu, na ga ana kora su garke-garke zuwa iyaka, ta Maigatari da sauran kasuwannin bakin boda, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa kudancin Najeriya, inda kasuwar Ezzamgbo ta jihar Ebonyi ta yi suna a wannan harka. Mai neman fata ba ruwansa da ko jakin ya sha ruwa a hanya, domin fatar wanda ya mutu a mota da ta wanda ya isa da rai kuɗinsu ɗaya. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Burkina Faso ma ta hana a shekarar, sannan a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Adis Ababa da hana yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta ƙiyasta cewa aƙalla jakuna miliyan 5.9 ake yankawa duk shekara a duniya saboda wannan ciniki. Jaka kuwa wata goma sha biyu take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda, don haka garken da aka kwashe ba ya dawowa da wuri. Wanda ya fi shan wahalar abin ita ce matar ƙauye, wadda idan aka sace jakin gidan tulun ruwa da damin itace suka koma kanta.

Ƙungiyoyin da kike gani ba aikinsu ɗaya ba. Donkey Sanctuary, wadda Elisabeth Svendsen ta kafa a 1969, tana da matsuguninta a Sidmouth a kudancin Ingila, inda tsofaffin jakuna ke hutawa, kuma ita ce ta fi kowa ɗaga murya a kan cinikin fata. Brooke ta faro ne daga asibitin da Dorothy Brooke ta buɗe a Alƙahira a 1934 don tsofaffin dawakin yaƙi da sojan Ingila suka bari a Masar, yanzu tana da ofis a Dakar. SPANA ta girme su duka, tun 1923 take, kuma a Bamako likitocinta suna duba jakunan da ke jan amalanken shara kyauta. Ni a ra'ayina na fi karkata ga masu bin dabbar aiki har inda take aiki, domin jakin da ke Sidmouth ya riga ya tsira, na Bamako kuwa gobe da asuba zai koma ƙarƙashin kaya.

Amma tun da ƙafarki za ta taka gida, ga wata hanya. A kowane gari namu akwai mai jakin da ke ɗaukar yashi ko taki, kuma idan kika ɗaga mangalar za ki tarar da miki a gadon bayansa, saboda akumarin ya mutu ko kuwa buhun roba aka shimfiɗa a madadinsa. Ki nemi malamin dabbobi na yankin, ki biya a wanke mikin, a ba shi maganin tsutsar ciki, a gyara masa kofato, a ɗinka sabon akumari, ki kuma ba mai shi kuɗin kwanakin da jakin zai huta, domin idan ba ki biya wannan ba gobe zai ɗora masa kaya, ba don mugunta ba sai don tuwon dare. Ki rubuta wa dattijuwar abin da aka yi da sunanta. A addininmu an ruwaito cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, na kuma san a Littafin Karin Magana naku an ce adali yana kula da ran dabbarsa, don haka ba baƙon abu za ki yi ba a Wusasa ko a cikin birni.

Kyautar akuya kuwa a yi hattara da ita. Tsarin ya daɗe, ƙungiyar Heifer ta Amurka tun 1944 take yin sa, kuma Fulaninmu sun riga su da habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda ya rasa aron saniya, ta haihu a hannunsa ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Sai dai habbanaye makiyayi ake ba, wanda ya san kiwo. Na ga inda aka raba awaki a ƙauye ana tsakiyar rani, babu harawa, babu dusa, babu rigakafi, kafin damina rabi sun mutu, sauran an kai kasuwa. Taimakon mutane ne idan an yi shi da kyau, amma ba lallai ne ya zama taimakon akuyar ba, kuma wadda ba ta cin nama tana iya tambayarki ina 'yan bunsurun za su ƙare.

Akawu, Ingila

Baba na Maraɗi ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina da ɗan ja a wuri guda, da kuma amsar tambayar kati da hoto, wadda ba a ba ta kai tsaye ba.

Ɗaukar nauyin nan na alama ne. Jakin da ke jikin hoton yana nan da ransa, amma mutane da yawa ne ke ɗaukar nauyinsa lokaci guda, kuɗin kuma yana shiga asusun ƙungiyar ne a yi wa dukkan dabbobin hidima. Wannan ba zamba ba ce, suna rubuta shi a ƙananan haruffa, kuma da hankali ma ya fi, domin ba zai yiwu jaki ɗaya ya ƙoshi sauran su kwana da yunwa ba. Abin da za ki duba uku ne, Maman Ishaya. Ki shiga rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales a intanet, ki sa lambar ƙungiyar, za ki ga abin da ta samu da abin da ta kashe a shekara. Ki lura ko biyan na sau ɗaya ne ko kuwa za a riƙa cira daga asusunki duk wata, domin mutane da yawa sai a watan Maris suke farga. Tun da kuma kina biyan haraji a nan, ki sa hannu a tsarin Gift Aid, wanda ke sa gwamnati ta ƙara wa ƙungiyar fam 1 a kan kowane fam 4 da kika bayar, ba tare da an ƙara cirar miki komai ba. Idan an ba ki zaɓi, ki ce ba kya son 'yar tsanar da ake haɗowa da katin, kuɗinta ya tafi ga abinci. Kayan shago da aka rubuta wa cewa wani kaso na ribar zai tafi ga dabbobi kuwa, doka ta wajabta a faɗi ko nawa ne, saboda haka wanda bai faɗa ba ki ajiye masa kayansa.

Inda nake ja da Baba shi ne, mikin jaki ba ya warkewa a mako uku, kuma ranar da kika hau jirgi babu mai komawa ya duba. Idan babu wani naki a Zariya da zai riƙa leƙawa, gara kuɗin ya bi ta hannun masu likita a wurin dindindin. Ni da zan zaɓa wa wannan dattijuwa, zan tambaye ta sunan gidan ceton da ta ɗauko kyanwoyinta, in kai musu buhun abinci da barguna da sunanta, domin irin waɗannan ƙananan gidaje ba su da kuɗin talla, kuma a lokacin sanyi suka fi cika.

Maman Ishaya, Manchesta

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi abin da ya kamata in yi tun bara, wato na tambaye ta. Gidan ceton ƙarami ne, wasu mata ne ke tafiyar da shi a bayan gari, kuma ta ce abincin gwangwani da yashin bayan-gidan kyanwa suka fi buƙata, barguna sun yi musu yawa. Zan kai musu na fam 40 da sunanta, in haɗa mata da zanen Ƙofar Mata da kwalbar man kaɗe. Zuma ta ce ba ta sha, don haka Likita kin cece ni daga kuskure na biyu. Abokiyar aikina faifai biyu zan kawo mata, kuma Ɗan Dukawa, na riga na gaya wa ƙanwata ta juya bakinsu ta duba kafin ta biya.

Da na ba ta labarin fatar jaki sai ta yi shiru, ta ce shekara da shekaru tana aika wa matsugunin Sidmouth kuɗi amma ba ta taɓa sanin cewa ta ƙasarmu ake bi da jakunan ba. Saboda haka ina so in gwada shawarar Baba ma, da sauran abin da ya rage. Ƙanen mahaifina yana nan Wusasa, ya yi ritaya, kuma akwai mai jakin da ke kawo masa taki gona duk shekara, don haka matsalar mai leƙawa da Akawu ya ambata tana da magani. Baba, abin da ban sani ba shi ne akumarin: da me ya fi kyau a cusa shi don kada ya riƙe gumi ya sake buɗe mikin, kuma kwana nawa ya kamata in biya na hutun jakin kafin a sake ɗora masa mangala?

Ishaya ya ji maganar mazubin tsuntsaye, ya ce ya yarda, amma ya sa na rubuta a takarda na sa hannu cewa idan ya cika shekara guda za mu je gidan ceto mu ga zomaye. Ya manna takardar a jikin firij.